Almakashin Bismak: Tarihin Datse Maganar Wani

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin wani abu ne da kusan kowannenmu yake yi da wayarsa kullum, wato ɗauko maganar wani a kai wa wasu. Gwamna ya ce kaza, malam ya ce kaza, wance ta ce kaza. Tambayar da nake so mu bi ita ce: in ka ɗauko maganar mutum, me kake da iznin taɓawa a cikinta? Za ka iya rage ta? Za ka iya gyara masa kuskure? Za ka iya cusa taka a ciki don ta fi fita? Mutane sun fi shekara dubu suna kokawa da wannan tambaya, kuma sun bar mana ƙa'idoji. Kafin mu je ga ƙa'idojin, bari in ba ku labarin abin da ya faru ranar da wani ya yi watsi da su da gangan.

Mu je Turai, shekarar 1870. A lokacin babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus. Ƙasashe ne barkatai masu jin Jamusanci, mafi ƙarfi a cikinsu ita ce Purushiya, sarkinta Wilhem na Ɗaya, firaministanta kuma Otto von Bismak. Eh, shi dai Bismak ɗin da ya karɓi baƙuncin taron Barlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara yadda za su yi wa Afirka rabon gado. A Faransa kuwa Nafoliyon na Uku ne yake mulki.

Rigimar daga Sifaniya ta taso. A 1868 aka tumɓuke Sarauniya Isabella ta Biyu, gadon sarauta ya zama ba kowa. Masu riƙon ƙasar suka shiga neman wanda za su naɗa, har suka dace da wani yarima mai suna Leopold, ɗan gidan Hohenzollern, wato dangin Sarki Wilhem. Da labari ya fasu a farkon watan Yulin 1870, Faransa ta ce ba ta san zancen ba. Dalilinta a fili yake: ga ɗan wannan gida yana mulki a gabas da ita, yanzu kuma a ɗora wani a kudu da ita, ai an sa ta a tsakiya ke nan. Aka yi ta kumfar baki. Ranar 12 ga Yuli mahaifin Leopold ya sanar cewa ɗansa ya janye. Kun ga a nan Faransa ta samu abin da take so, da an tsaya nan da an wuce wurin.

To amma ministan harkokin wajen Faransa, Gramont, ya ga nasarar ba ta ishe shi ba. Ya umarci jakadansu, Benedetti, ya je ya samo alkawari daga bakin Sarki Wilhem cewa har abada ba zai sake yarda wani ɗan gidansu ya nemi sarautar Sifaniya ba. Sarkin a lokacin yana hutu a wani ƙaramin gari mai suna Ems, inda manya suke zuwa shan iska da wanka a ruwan ɗumi na magani. Da safiyar 13 ga Yuli jakadan ya tare shi yana tattaki, ya gabatar da buƙatar. Sarki ya saurare shi, ya ƙi, amma cikin mutunci. Ya ce masa ba wanda zai iya ɗaukar irin wannan alkawari na har abada, kuma shi har yanzu yana jiran takarda daga mahaifin yariman. Da takardar ta iso a ranar, sai ya aiki dogarinsa ya shaida wa jakadan cewa ya samu tabbacin janyewar, saboda haka ba shi da wani ƙarin abin faɗa a kan batun. Washegari ma sun gaisa a tashar jirgin ƙasa, suka yi sallama lafiya. Babu wanda ya ji an ci masa fuska a cikinsu.

Wani jami'in ma'aikatar waje da ke tare da sarki, Heinrich Abeken, ya rubuta rahoton abin da ya faru ya buga wa Bismak ta tangaraho zuwa Barlin. Tangaraho fa, wayar da ake buga saƙo a da, ba manhajar Telegram da ke wayoyinku ba. A ƙarshen saƙon aka bar wa Bismak zaɓi, in ya ga dama ya sanar da jaridu da jakadu.

Saƙon ya same shi yana cin abincin dare da mutum biyu, Roon ministan yaƙi da Moltke babban hafsan sojoji. Shi Bismak yaƙi yake so da Faransa, don ya san shi ne zai sa ƙasashen kudancin Jamus su ruga ƙarƙashin Purushiya, amma yana so a ce Faransa ce ta fara. A littafin tarihin rayuwarsa da ya rubuta daga baya, ya ba da labarin cewa da ya karanta musu saƙon, jikin baƙin nasa ya yi sanyi har suka kasa cin abinci. Ya tambayi Moltke ko sojoji a shirye suke, ya ce a shirye suke. Sai ya ɗauki alƙalami ya rage saƙon zuwa kusan rabinsa.

Ku lura da abin da ya cire. Ya cire hirar da sarki ya yi da jakada, da bayanin da ya yi masa. Ya cire zancen takardar da ake jira. Ya cire cewa dogarin ya kai wa jakada labarin tabbacin janyewa, wanda shi ne dalilin da ya sa sarki ya ce ba sauran magana. Abin da ya rage abu biyu ne kawai, an jera su kafaɗa da kafaɗa: jakadan Faransa ya nemi sarki ya ɗaure kansa da alkawarin har abada, daga nan sarki ya ƙi sake ganinsa, ya aika masa dogari cewa ba shi da abin faɗa masa. Bajamushe ya karanta ya ga an raina sarkinsa. Bafaranshe ya karanta ya ga an kori jakadansa kamar almajiri a ƙofar gida. Bismak da kansa ya rubuta cewa ya san saƙon zai yi wa Faransa abin da jan ƙyalle yake yi wa bijimi.

A daren aka buga shi a wata jaridar Barlin, aka aika wa ofisoshin jakadanci. Sai fassara ta ƙara gishiri. Kalmar da Jamusawa suke kiran dogarin sarki da ita tana nufin babban hafsa, kuma wanda aka aika ɗin ma yarima ne. Kalma mai kama da ita a Faransanci kuwa muƙami ne na ƙasa, kamar samanja. Masu fassara suka bar ta yadda take. Ranar 14 ga Yuli mutanen birnin Faris suka wayi gari da labarin wai sarkin Purushiya ya aiki samanja ya sallami jakadansu. Tituna suka cika da masu kiran a tafi Barlin.

Ranar 15 ga Yuli majalisar Faransa ta zauna kan kuɗin yaƙi. Wani dattijon ɗan majalisa, Adolphe Thiers, ya miƙe ya ce a kawo ainihin takardun a gani tukuna, a san me aka faɗa da yadda aka faɗe shi. Aka yi masa ihu, aka kira shi maci amana. Ranar 19 ga Yuli Faransa ta shelanta yaƙi. Ranar 2 ga Satumba aka kama Nafoliyon na Uku da rundunarsa a Sedan. Ranar 18 ga Janairun 1871 aka naɗa Wilhem sarkin sarakunan Jamus a cikin fadar Versailles, a ƙasar Faransa. Yarjejeniyar Frankfurt ta Mayun 1871 ta ƙwace wa Faransa yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine, ta kuma ɗora mata tarar faran biliyan 5. Dubun dubatar samari suka mutu. Kuma kun san wa aka ɗora wa nauyin zama da Bismak a sasanta wannan asara? Thiers ɗin nan dai, mutumin da ya ce a kawo takardu a gani. Cikakken saƙon Abeken kuwa bai fito wa jama'a ba sai 1892, shekara 21 bayan an gama binne mutane.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba saƙon nan kaɗai ya kawo yaƙin ba. A ɓangarorin biyu akwai masu son a gwabza, kuma gwamnatin Faransa ita ta je neman abin da ya fi ƙarfin bakinta. Busasshiyar ciyawa tana nan a tare, saƙon ashana ne. Abin da ya sa na kawo shi shi ne kariyar da Bismak ya yi wa kansa: ya ce bai ƙara kalma ba, bai canza kalma ba, ragewa kawai ya yi. Wanda ya jera saƙonnin biyu zai ga ya ɗan sake ɗinkin jumlolin, amma a bar wannan. A ce ma gaskiya ya faɗa. Wannan kariya ita ce dai wadda muke ji yau duk lokacin da aka kama wani ya yanko daƙiƙa 30 daga jawabin awa guda: ai shi ya faɗa da bakinsa, ni ban ƙara komai ba.

To, wannan uzuri malaman hadisi sun rushe shi ƙarnoni kafin a haifi Bismak. Dalilin da ya sa suka riga kowa zurfafawa a nan shi ne, maganar da suke ɗauka daga baki zuwa baki ta Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma a kanta ake gina hukunci. Tun zamanin tabi'ai suka rabu biyu. A Basra akwai Muhammad bin Sirin, wanda yake tsayawa kan lafazi harafi da harafi, akwai kuma Hasanul Basri, wanda yake ganin ba laifi a ruwaito da ma'ana in an kiyaye ta. Gari ɗaya suka zauna, shekara ɗaya suka rasu, 110 bayan Hijira. Mafi yawan malamai daga baya sun yarda da ruwaya da ma'ana, amma da sharaɗi mai tsauri: sai wanda ya san harshen sosai, ya san abin da yake canza ma'ana da abin da ba ya canzawa. Kuma aka so in ya gama ya faɗi wata kalma da za ta nuna lafazin ba lallai shi ne na asali ba. Ita ce “au kama ƙala” da kuke ji malamai suna rufe hadisi da ita a wa'azi, ma'ana ko kuma kamar yadda ya faɗa. An ruwaito wannan ɗabi'a tun daga sahabbai irin su Anas bin Malik. Kun ga ashe ba ado ba ce, sanarwa ce ga mai sauraro: a nan wurin, kalmomin nawa ne, ma'anar ce tasa.

Ibnus Salah, wanda ya koyar a Dimashƙa ya rasu a 643 bayan Hijira, wato 1245, ya tattara waɗannan ƙa'idoji a littafinsa da aka fi sani da Muƙaddima. Biyu daga ciki sun shafe mu kai tsaye. Ta farko, rangwamen ruwaya da ma'ana bai shafi abin da aka riga aka rubuta a littafi ba. In rubutun mutum yana gabanka, ba ka da uzurin mantuwa, kwafe shi yadda yake. Ta biyu kan taƙaitawa ce. Ya halatta masani ya kawo wani ɓangare ya bar wani, matuƙar abin da ya bari ba a ɗaure yake da abin da ya kawo ba, ta yadda cire shi zai juya ma'ana. Sharaɗi, togaciya, iyaka, dalili, waɗannan ba a yanke su. Misali daga rayuwarmu: wanda kake bi bashi ya ce maka, “Zan biya ka ranar Juma'a in an yi mana albashi.” Ka je ka ce wa mutane ya ce zai biya ranar Juma'a. Kowace kalma tasa ce, amma ka yi masa ƙarya. Abin da Bismak ya yi ke nan daidai: ya yanke dalili ya bar sakamako.

Suna kuma da suna na musamman ga kishiyar wannan, wato cusa maganar wani cikin ta wani: mudraj. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Abu Huraira, da ya ga mutane suna alwala ya yi musu nasiha da bakinsa cewa su kyautata ta, sannan ya kawo hadisin da ya yi gargaɗi kan barin dugadugai. Wasu maruwaita suka haɗe nasihar da hadisin suka zama abu ɗaya. Nasihar gaskiya ce, ba wanda ya yi musu a kai, amma malamai suka bi hanyoyin ruwayar ɗaya bayan ɗaya har suka raba su. Alhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, littafi sukutum ya rubuta kan wannan matsala kaɗai. Imamu Muslim kuwa, in ya ji hadisi ɗaya daga malamai biyu ko uku, sai ya faɗa maka lafazin da ya kawo na wane ne a cikinsu.

Sai batun kuskure. In kana kwafar littafi ka tarar da kalmar da kake ganin ba daidai ba ce, ya za ka yi? Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a garuruwanmu da azumi, yana da wani littafin mai suna Al'ilma'u kan ƙa'idojin ruwaya. A ciki ya nuna cewa al'adar mafi yawan malamai ita ce a bar kalmar yadda ta zo, a yi bayanin gyaran a gefen shafi. Ya kuma lura cewa masu ƙarfin halin gyarawa a cikin nassi wani lokaci daidai suke mayarwa kuskure. Saboda haka marubuta suka ƙirƙiro alamomi. Akwai wata 'yar alama mai kama da kan harafin sadi da ake ɗorawa a kan kalmar da ake shakka. Akwai “sahha” da ake rubutawa a kan kalmar da mai karatu zai iya zaton kuskure ce alhali daidai take. Akwai kuma “kaza”, ma'ana haka na same shi. Eh, ita ce dai kazar da muke cewa kaza da kaza, daga Larabci muka aro ta. Hikimar a nan ita ce, abin da ka ɗauka kuskure ne mai yiwuwa iliminka ne bai kai ba. Ku ɗauka Basakkwace ya ce “mi kaka so”, wani edita ya mayar da ita “me kake so” yana ganin ya yi gyara. Bai gyara komai ba, ya dai cire wa mutumin garinsu daga bakinsa.

Wannan tarbiyya ta iso ƙasarmu tare da littattafan. Duk wanda ya buɗe rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, irin su Ihya'us Sunna, zai ga cike suke da maganganun malaman da suka gabata. Yana ambatar mai magana da littafinsa, ya kawo maganar, in ta ƙare ya rubuta “intaha”, wato ta ƙare a nan. In zai sa bakinsa ya ce “ƙultu”, wato na ce. A al'adar rubutun Larabci, in marubuci ya taƙaita ko ya ɗan taɓa lafazi, akwai kalmar da yake ƙarawa bayan intaha don ya sanar da hakan. Babu alamar buɗe zance da rufewa irin ta boko, amma mai karatu bai taɓa ruɗewa kan inda bakin wani ya tsaya na wani ya fara ba.

Har a waƙa akwai wannan ladabi. Tahamisi shi ne ka ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ka ƙara ɗango uku naka a gaban kowane baiti ya zama biyar. Ishiriniyar da ake rerawa a makarantun allo da wuraren Mauludi haka take: asalin ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, tahamisin kuma na Ibnu Mahib. Haka Tabbat Haƙiƙa: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Dubi yadda tsarin yake kare kowa. Ka shiga cikin waƙar mutum har tsakiya, ka ƙara naka ya ma fi nasa yawa, amma wanda ya san ƙa'ida ya san ukun farko naka ne, biyun ƙarshe nasa ne, ba ka taɓa masa ko harafi ba. Iznin ƙari a buɗe yake, abin da aka hana shi ne ɓoye ɗinkin.

Turawa ma ta tasu hanyar sun iso wuri ɗaya. Masana a ɗakin karatu na Iskandariyya, tun kafin haihuwar Annabi Isa, suna sa wata alama mai kama da kan kibiya a gefen layi don jawo hankali. Daga baya masu kwafar littattafan Kirista suka riƙa amfani da ita wajen nuna inda aka ɗauko nassi. Da injin ɗab'i ya zo, a ƙarni na 16 masu buga littattafai suka koma sa waƙafi biyu a gefen shafi, sannu a hankali har suka shigo cikin layi suka zama alamar zancen wani da muke amfani da ita yau. Sauran alamomin suka biyo baya. Ɗigo uku, wanda a aji ake kira zarce, yana cewa na cire wani abu a nan. Baka biyu mai kusurwa tana cewa wannan kalma tawa ce, na sa ta don ka gane. Misali wata uwa ta ce, “Ya yi mana alkawarin rijiya,” kai kuma ka rubuta, “[Shugaban ƙaramar hukuma] ya yi mana alkawarin rijiya.” Sai kalmar Latin “sic”, wadda ma'anarta haka yake, wato kazar malamanmu ce sak. Mutanen da ba su zauna aji ɗaya ba sun ƙirƙiro alama iri ɗaya, saboda matsalar ɗaya ce.

Wani zai ce ai Bismak mugun nufi gare shi, ni kuwa don alheri nake taƙaitawa. To ga labarin masoya. A 2011 aka buɗe wurin tunawa da Martin Luther King a birnin Washinton na Amurka. A jikin dutsen aka sassaƙa wata jumla daga huɗubar da ya yi ranar 4 ga Fabrairun 1968 a cocin Ebenezer da ke Atlanta, wata biyu kafin a kashe shi. Huɗubar gargaɗi ce kan son a gan ka a gaba, irin na mai jan 'yan badujala a fareti. A ƙarshenta ya ce, a ma'ana, in har dole sai an kira shi mai jan badujala, to a ce ya ja ta ne don adalci da zaman lafiya. Wurin da ke jikin dutsen bai isa ba, sai aka taƙaita, aka cire “in har” ɗin. Jumlar ta koma kamar shi ne ya miƙe yana yi wa kansa kirari. Marubuciya Maya Angelou, wadda ta san shi ta kuma yi aiki da shi, ta fito ta ce an mayar da shi mai girman kai. A 2013 aka kankare rubutun gaba ɗaya. Waɗanda suka yi wannan ba maƙiyansa ba ne, mutane ne da suka tara kuɗi don girmama shi. Sharaɗi guda suka yanke, irin wanda Ibnus Salah ya ce kada a yanke.

Yanzu mu dawo kanmu, musamman mu da muke cewa muna fafutuka. Yawancin abin da muke yaɗawa maganar wani ce: hoton mutum da jumla a ƙasansa, guntun bidiyo, hoton allon waya. Sau da yawa ma jawabin da Turanci aka yi shi, wani ya fassara, ya sa a cikin alamar zance kamar da Hausa mutumin ya yi magana. Ku tuna dogarin da ya koma samanja. A ce wani kwamishina ya ce, “Ba za mu rufe makarantar ba, sai in injiniyoyi sun tabbatar ginin zai faɗo wa yara.” Mai son gwamnati ya yanko rabin farko. Mai adawa ya rubuta wai kwamishina ya ce gini zai faɗo wa yara. Kafin la'asar an rabu gida biyu ana zage-zage, ginin kuma yana nan da tsagarsa ba wanda ya je ya duba.

Ni abin da yake damuna biyu ne. Na farko, jarinmu ɗaya ne, a yarda da mu. Ba mu da kuɗi, ba mu da 'yan sanda. Ranar da aka fito da cikakken bidiyo aka ga mun datse, daga ranar an samu sandar dukanmu, kuma gaskiyar da muka faɗa jiya da wadda za mu faɗa gobe duk sun shiga zargi. Wanda muke ƙalubalanta ya huta, an bar zancen asibitin da ba magani an koma zancen yankan bidiyo. Na biyu ya fi nauyi. A yankinmu maganar da ta shafi addini ko ƙabila ba ta tsayawa a waya, tana sauka kan titi. Wanda ya yanke ta yana kwance a ɗakinsa, wanda za a tare a hanya bai ma san an yi ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ba sabon abu ba ne, gadonmu ne. In ka sa magana a cikin alamar zance, ta zama lafazin mutumin ne. In ma'ana ka ɗauko, cire alamar, ka ce ya nuna cewa, ko ka ce a taƙaice. In fassara ce, faɗi cewa fassara ce, ka ajiye asalin kusa. In ka cire wani abu a tsakiya, sa ɗigo uku, sannan ka tambayi kanka: da mai maganar zai ga abin da na bari, zai ce eh, abin da nake nufi ke nan? Ɗigo uku ba ya wanke wanda ya yanke “in” ko “sai dai” ko “amma”. In ka ƙara kalma, sa ta a baka mai kusurwa. In ya yi kuskure, bar masa kayansa, ka yi bayani a gefe. In kuma kai aka turo wa guntu, yi abin da Thiers ya yi, ka ce a kawo cikakken a gani, ko da za a yi maka ihu a zauren WhatsApp.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In dole sai ka rera ta wani, to ka bari a ji inda muryarsa ta tsaya taka ta fara.

Nan za mu dakata a wannan mako. Wanda zai tura wa wani wannan rubutu, don Allah ya tura shi duka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.